Ɗan Issa: wa ke tsaya wa talaka idan gida ya rushe?

A ranar 7 ga Nuwamba 2021, ramin haƙar zinariya ya rufta a Garin Liman, cikin gundumar Ɗan Issa, mutum aƙalla 18 suka rasu. Watanni kaɗan kafin nan aka gano zinariyar, amma wuri ya riga ya cika maƙil da matasa. Iyalan mamatan ba su da inda za su kai takarda su nemi diyya ko fansho, domin asusun CNSS na Nijar masu albashi yake karewa. Manomi, da ɗan kabu-kabu, da mai tallar fura a tasha, duk suna waje.

A takarda, ba haka ya kamata ba. Sanarwar haƙƙin ɗan Adam ta 1948 ta lissafa tallafin rayuwa da muhalli cikin haƙƙoƙi, kuma a 1986 Nijar ta shiga yarjejeniyar duniya ta 1966 da ta ɗora wa gwamnatoci wannan nauyi. Sai dai a ƙauye kalmar da ake ji ita ce taimako, wanda ake yi wa godiya idan ya zo, a yi haƙuri idan bai zo ba.

Ɗan Issa na bakin iyaka, a kan hanyar Maraɗi zuwa Jibiya da Katsina, kuma abincin mutane da yawa na rataye da wannan hanya. Najeriya ta rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. Aka sake rufewa bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, sai Maris ɗin 2024 aka buɗe. Kowane rufi ya tsayar da ɗan dako da direba, ba tare da wani asusu da zai riƙe su ba. Ga kuma 'yan gudun hijira daga Zamfara, Sakkwato da Katsina da suka kwararo jihar Maraɗi tun 2019. Kafin ƙungiyoyin agaji su iso, masu gida ne suka raba ɗaki da tukunya da baƙi.

Daminar 2024 ce ta fi fallasa lamarin. Ambaliya ta kashe kusan mutum 400 a faɗin ƙasa, ta shafi fiye da miliyan 1.5, Maraɗi na cikin jihohin da suka fi jin jiki. Gidan laka ba ya faɗuwa farat ɗaya. Ruwa ya kwana a gindin katanga, ƙasa ta jiƙe ta kumbura, azara ta fara sauka, sai tsakar dare ɗaki ya zauna. Da safe iyali su koma ajin makaranta, a kawo buhun hatsi da tabarma da bargo. Kuɗin sake gini kuwa daga bashi zai fito, ko sayar da akuya, ko jinginar da gona, abin da ke rage girbin baɗi ya tura saurayin gidan cirani ko ramin zinariya.

Ba a ce gwamnati ta naɗe hannu ba. Shirin tallafi da Bankin Duniya ya ɗauki nauyi tun 2011 ya fara ne da ba gidaje matalauta jika 10 na sefa duk wata, yawanci a hannun mata, kuma wasu sun zuba shi a adashi sun sayi dabbobi. Amma shekara 2 ake yi a yaye gida, zaɓaɓɓun ƙauyuka ne ke samu, kuɗin kuma daga waje yake zuwa, don haka rikicin siyasa na iya datse shi. Ƙarin mafi ƙarancin albashi zuwa jika 42 a 2024 ya wuce ta kan wanda ba shi da albashin. Rage farashin siminti da aka yi a Oktoban 2024 ya sauƙaƙa wa mai ɗan hali, amma magidancin da ke neman kuɗin azara da ladan magini laka zai sake kwaɓawa, a filin da ruwa ya riga ya ci.