Tsakanin Shiri da Shiri: Aikin Bayan Fage a Gidan Talabijin na Da

Gabatarwa

Mai kallon talabijin ba ya lissafa ɗan lokacin nan da ke tsakanin ƙarewar wani shiri da farawar wani. A wurinsa, wasan kwaikwayo ya ƙare, an nuna alamar tasha, wata murya ta faɗi abin da zai biyo baya, sai ga labarai. Duka-duka abin bai wuce sakan talatin ko arba'in ba. Amma a gidajen talabijin na da, musamman daga ƙarshen shekarun 1950 zuwa tsakiyar shekarun 1980, wannan ɗan tsakani shi ne inda ma'aikata suka fi jin jiki, kuma a nan ne tasha kan sha kunya idan za ta sha. Wannan maƙala za ta dubi yadda ake gudanar da wannan aiki a wancan zamani, tare da kafa misali da gidan talabijin na BBC da ke birnin Landan.

Ɗakin haɗa shirye-shirye

A babban gininsu na talabijin, wanda aka buɗe a yammacin Landan a 1960, shirye-shiryen yini ba daga wuri ɗaya suke fitowa ba. Wani ana yin sa ne kai tsaye a ɗakin ɗaukar hoto, wani yana zuwa daga motar da aka girke a filin wasa, wani daga wani gari, wani yana kan fim, wani kuma yana kan tef a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa. Dukkansu sai sun bi ta wani ɗan ɗaki guda kafin su isa ga na'urar watsawa. A cikin ɗakin akwai darakta, da mai taimaka masa riƙe da agogon awon sakan, da injiniya, ga kuma jerin akwatunan kallo a bango, kowane yana nuna abin da ke jiran a sa shi. A gefe akwai wani ƙaramin ɗaki inda mai sanarwa ke zaune. Kowa na da takardar tsarin yini a gabansa, wadda aka rubuta lokacin kowane shiri har da sakan, kuma wayar cikin gida ce ta haɗa su da masu kula da na'urori waɗanda ba sa ma ganinsu.

Na'urar da ba ta tashi nan take

Tushen wahalar aikin abu ɗaya ne, watau na'urorin wancan zamani ba sa ba da hoto da zarar an danna maɓalli. Kamfanin Ampex na Amurka ne ya fito da na'urar ɗaukar hoton talabijin a kan tef a 1956. Girmanta ya kai na babban kabad, faɗin tef ɗin inci biyu ne, kuma kawuna huɗu ne ke karanta shi, a jikin wata 'yar ganga mai juyawa sau 250 a kowane sakan bisa tsarin talabijin na Turai. Kafin gangar da tef su daidaita da juna har hoto ya tsaya cak, sai an ɗauki sakan da dama. Bugu da ƙari, na'urar ba ta nuna hoto idan tana tsaye, ba ta kuma nunawa idan ana saurin tura tef gaba ko baya. Ke nan ma'aikaci ba ya iya leƙa farkon shiri ya tsayar da shi a nan yana jira.

Dabarar da aka yi ita ce a nemo farkon shirin, sa'an nan a mayar da tef baya da sakan goma daidai, a ajiye shi. To, a nan ne gizo ke saƙar. Tun mai sanarwa bai gama maganarsa ba, ko ma bai fara ba, darakta zai ba da umurnin a tayar da na'ura. Daga wannan lokaci ba ja da baya: mai riƙe da agogo na ƙidaya goma, tara, takwas, mai sanarwa na magana yana kuma sauraron ƙidayar a kunnensa, kuma dole kalmarsa ta ƙarshe ta faɗi daidai da ƙarewar lissafin. Idan ya gama da wuri, mai kallo ya zauna da allo baƙi da shiru. Idan ya makara, kiɗan shirin ya haɗiye masa magana, ko kuma a rasa farkon shirin. Saboda haka mai sanarwa kan auna jimlolinsa da agogo tun kafin lokaci, ya san wace kalma zai zubar idan lokaci ya ƙure, da wadda zai ja idan an sami rara. Ga mai nazarin harshe wannan abin lura ne, domin ga wani nau'in zance wanda tsawonsa ba ma'ana ce ke yanke shi ba, saurin wani inji ne da ke can ƙarƙashin bene.

Haka abin yake ga fim. Akwai na'ura ta musamman, mai kama da majigi, wadda ke mayar da hoton fim ya zama hoton talabijin. Ita ma tana bukatar ɗan lokaci kafin ta kai ga saurinta, shi ya sa ake liƙa wa kowane fim wani zare a goshi mai ɗauke da lambobi suna raguwa, har zuwa uku, sa'an nan baƙi. Duk wanda ya taɓa ganin waɗannan lambobi sun faɗo a akwatinsa, to, ya ga kuskuren wani ne, an buɗe wa fim ƙofa kafin lokacinsa. Dogon fim kuwa ba ya shiga faifai ɗaya, sai an yi amfani da na'ura biyu, ana sauyawa daga wannan zuwa waccan ba tare da mai kallo ya farga ba. Wani abin da masu lissafin lokaci ba sa mantawa shi ne, a silima hoto 24 ke wucewa a sakan guda, amma a talabijin na Turai 25 ne. Don haka fim mai minti 100 a silima, minti 96 yake ci a talabijin.

Duniya a cikin akwati

Alamar tashar BBC ta ɗaya a wancan zamani ita ce ƙwallon duniya yana juyawa, kuma a 1963 aka fara amfani da ita. Mutane da yawa sun ɗauka fim ne aka ɗauka aka ajiye, alhali kuwa wani ɗan ƙwallo ne na gaske, inji na juya shi, kamara na kallonsa kai tsaye. Daga 1969, lokacin da tashar ta koma mai launi, aka sa fitila a cikin ƙwallon da madubi a bayansa. Abin mamaki, kamarar da ke ɗaukarsa ta baƙi da fari ce, launin kuwa na'ura ce ke shafa shi daga baya. A kusa da ƙwallon an jera agogo da katunan ba da haƙuri, kuma daga nesa ake juya kamarar ta fuskanci wanda ake so. Mai sanarwa da kansa yake danna maɓallan da ke gabansa yana magana. Amfanin wannan ƙwallo a bayyane yake: tun da ba ya ƙarewa kamar fim, ana iya barin sa a kan allo sakan biyar ko minti guda, gwargwadon yadda tef ya yi gardama.

Tashoshin kasuwa na ITV, waɗanda suka fara a 1955, suna da tasu matsalar. Kamfanoni ne daban-daban, kowane da yankinsa da tallace-tallacensa, amma sau da yawa shiri ɗaya suke nunawa daga wuri ɗaya. Domin kowa ya san lokacin da zai yanke ya sa tallarsa, sai a ɗora wani ɗan murabba'i mai ƙyalli a kusurwar sama ta dama, kimanin minti guda kafin hutun talla, a ɗauke shi saura sakan biyar. Ɓacewarsa ita ce umurnin a tayar da na'ura. Irin wannan larura ta haɗa kai ba baƙuwa ba ce a Nijeriya, inda talabijin ya fara a Ibadan a 1959, sa'an nan Kaduna a 1962. Bayan kafa hukumar NTA a 1977, tashoshinta na jihohi kan rufe nasu shirin su haɗu da Legas da ƙarfe tara na dare domin labaran ƙasa, kuma wanda shirinsa ya zarce lokaci sai dai a datse shi.

Daren da wuta ta ɗauke

Wani lokaci kuma abin ya fi ƙarfin dabara. Ranar 20 ga Afrilu, 1964, aka shirya buɗe tashar BBC ta biyu. Ana saura kaɗan a fara, gobara ta tashi a tashar wutar lantarki ta Batasi, yammacin Landan ya faɗa cikin duhu, har da babban ginin talabijin. Tsohon gininsu da ke arewacin birnin, inda sashen labarai yake, shi ne ya tsira. Daga can wani ɗan jarida, Gerald Priestland, ya karanta labarai, kuma farkon maganarsa ma babu murya. Sauran daren sai katunan ba da haƙuri. Shirin farko da tashar ta nuna cikakke shi ne na ƙananan yara, washegari da ƙarfe goma sha ɗaya na safe. Da daddare, sai mai gabatarwa ya bayyana da kyandir a kunne, ya hure shi, aka ci gaba.

A watan Fabrairu na 1985 aka ajiye ƙwallon inji, kwamfuta ta karɓi aikin nuna duniyar. A wajejen wannan lokaci ne kuma kaset ya fara maye gurbin manyan faifan tef, aka sami na'urori masu ɗauko kaset da kansu bisa jerin da aka tsara musu. Daga baya shirye-shirye suka koma cikin kwamfuta, wadda ke ba da hoto nan take, ƙidayar sakan goma ta zama tarihi. A 2005 BBC ta sayar da sashen gaba ɗaya, ya koma kamfani mai suna Red Bee Media.

Tef mai inci biyu yana da tsada ƙwarai, shi ya sa ake goge shi a sake amfani da shi, har manyan shirye-shirye da yawa suka salwanta ta haka, balle 'yar sanarwar da ke tsakaninsu. Mafi yawan abin da ya rage na waɗannan sanarwoyi ya fito ne daga kaset ɗin masu kallo, waɗanda suka kunna bidiyon gida da wuri don kada farkon wani shiri ya wuce su. Hoton wancan dare na 1964 shi ma an daɗe ana zaton babu shi, sai a 2003 aka tsinci tef ɗinsa a wani ma'ajin BBC.