Tsohuwar Corolla: daga titunan Japan zuwa Ƙofar Doka

Baƙi mazauna Japan na rububin Toyota AE86, Corollar da aka ƙera daga 1983 zuwa 1987, suna sauya mata taya da salansa suna ɗorawa a YouTube. Matashi a Ƙofar Doka ya kalla a waya, ransa ya biya.

Matsalar sitiyari ce. Na motocin cikin Japan a dama yake, kuma tun 1972 Najeriya ta koma bin hannun dama, hukumar FRSC ba ta yarda da irinsa. Mafi sauƙi a nemi tsohuwar Corolla ko Datsun da ke yashe a garejin unguwa cikin birnin Zariya. Rediyon Android zai zauna mata. Na'urar OBD2 kuwa asarar kuɗi ce, motar kafireta ba ta da wurin jona ta, sai dai bakanike ya saurari injin da kunne.