Ba kullum tela ke cinye yadi ba

Daga Agege har Sabon Ibadan, ƙorafin da nake ji ɗaya ne: wai mu teloli muna cinye atamfa. To, ku duba zanen. In furanni ko tsuntsaye gefe guda suke kallo, dole gaba, baya da hannuwa a shimfiɗa su fuska ɗaya, in ba haka ba tsuntsun baya ya kife. Ba damar juya wani yanki a cike gurbi, sai ƙyalle ya yi yawa.

Ni tsawon yadi nake bi, daidai da bakinsa, don nan zare ba ya miƙewa. Siket ɗin da ya kauce wa wannan layin, wanki ɗaya ya karkace. Karan-miski kuwa, ana juya shi launi ya bambanta.

Turmi yadi 6 ne. In zanen manya ne, Hajiya, a tambayi tela kafin a zaɓi ɗinki.