Ƙaron Dakwara Ya Samu Sababbin Masu Saye A Ƙasashen Waje

Tun da daɗewa masana'antun lemon kwalba da na alewa da na magunguna su ne manyan masu sayen ƙaron da ake samu a jihohin Borno, Yobe da Jigawa. Yanzu kuwa kamfanonin da ke haɗa abincin rage ƙiba su ma sun shigo kasuwar.

Dalilin haka yana cikin hanjin ɗan Adam, inda ƙwayoyin bakteriya masu ɗimbin yawa suke zaune. A shekarar 2006 masana a Jami'ar Washington da ke St. Louis ta ƙasar Amurka suka ɗebi irin waɗannan ƙwayoyi daga hanjin ɓeraye masu ƙiba, suka zuba wa ɓerayen da ba su da ko ɗaya. Sai ga shi sun tara kitse fiye da waɗanda aka zuba wa na ɓeraye marasa ƙiba.

Shi ƙaro, ciki ba ya narkar da shi. Sai ya isa babban hanji sannan bakteriya masu amfani su cinye shi, su yawaita, su kuma fitar da wasu sinadarai da ake kyautata zaton suna rage jin yunwa. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Khartoum, aka buga a 2012, ya ƙunshi mata 120, inda aka riƙa ba rabinsu giram 30 na ƙaro kullum har mako 6. Kitsen jikinsu ya ragu da kimanin kashi 2 cikin 100, ko da yake wasu sun yi fama da kumburin ciki da gudawa a farko.

Wannan ragi ba mai yawa ba ne, mako 6 kuma bai isa a yanke hukunci ba. Ko hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, da ta amince a watan Disamba 2021 a lasafta ƙaro cikin abinci mai harza, ta dogara ne ga yadda yake rage hawan sukari a jini bayan cin abinci. Saboda haka ɗan kasuwar da ya rubuta "maganin ƙiba" a jikin kwalinsa ya faɗi abin da bincike bai tabbatar ba.

Yaƙin da ya ɓarke a Sudan cikin Afrilu 2023, ƙasar da ta fi kowace fitar da ƙaro, ya sa masu saye sun waiwayo Cadi da Nijeriya. Sai dai galibin namu ɗanye ake fitar da shi, riba mai tsoka kuma tana tafiya ga kamfanoni irin su Nexira da Alland & Robert na Faransa, waɗanda ke tace shi su mai da shi gari.