Kasuwar da Ba Ta da Rumfa

Duk wanda ya taɓa shiga karar Mai'aduwa ranar Lahadi ya san yadda ake cinikin sa. Mai saye ya taya, mai dabba ya ce albarka, dillali ya ja wannan gefe ya ja wancan, har a sallama a ware masa la'adarsa. Kowa na jin nawa aka sayar da na kusa da shi, don haka da wuya a yi wa mutum sayen wulaƙanci. To, yanzu wata kasuwa ta shigo masarautar Daura wadda ba ta da rumfa, ba ta da ranar ci, ba ta da sarkin kasuwa. A cikin waya da kwamfuta take ci, dare da rana.

Hajarta aiki ne: fassara tsakanin Turanci da Hausa, rubuta maganar da aka naɗa, naɗar murya don koya wa na'ura harshe, zanen tambari da fosta. 'Yan kasuwar kuwa galibi matasa ne, ɗalibai da masu yi wa ƙasa hidima da malaman da albashi ba ya kai su ƙarshen wata.

Manyan zaurukan wannan kasuwa biyu ne. Fiverr, wanda aka buɗe a 2010, da aikin dala biyar ya fara, kuma yana cire kashi 20 cikin ɗari na abin da ma'aikaci ya samu. A Upwork kuwa, sai ka kashe tikitin neman aiki kafin ka miƙa buƙatarka, a ɗauke ka ko kada a ɗauke ka, kuma ana iya tayin awa guda a kan dala uku. Daga nan Payoneer, kamfanin da ke turo kuɗin, da banki su yanki nasu kafin kuɗi ya zama naira.

Abin da ke ruɗar sabon shiga shi ne canji. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen 460 har ta haura 1,500 a shekarar da ta biyo baya, sai dala biyar ta yi kama da abin kirki. Amma a duba aikin. An ba yaro faifan hira na awa ɗaya ya rubuta a kan dala biyar. Ya toshe kunne, ya saurari jimla, ya tsayar, ya koma baya saboda kukan babur ya danne muryar mai magana. Wuni ya tafi. A tsakani wuta ta ɗauke, ya kai kwamfuta shagon caji, data ta ƙare ya sake saye, ga shi an ƙara kuɗinta a 2025. In ya cire waɗannan daga dala huɗun da suka rage, ladan wahala ne kawai.

Akwai kuma 'yan tsakiya. Mutum ya karɓo aiki da dala, ya rarraba shi a zauren WhatsApp da naira, ba tare da ya faɗi nawa aka ba shi ba. Tabbas ma babu: a watan Maris na 2024 Remotasks, wani zauren irin wannan aiki, ya rufe wa 'yan Najeriya da Kenya ƙofa dare ɗaya.

Wani zai ce 'yan ƙasar waje ne ke karya farashi. Sai dai mai zanen tambari ne ke gogayya da 'yan Pakistan da Bangladesh. Mai fassarar Hausa ba shi da abokin takara a can, domin hajarsa ba ta samuwa sai a wurin mai jin harshen. Ke nan idan farashi ya karye, mu ne muka karya wa juna. Maganin shi ne mutum ya lissafa awowinsa da datarsa da cajinsa da abin da za a cire kafin ya amsa tayi, masu sana'ar kuma su riƙa gaya wa juna nawa ake biya, su tsayar da farashin da ba wanda zai sauka ƙasa da shi. Wanda ya karɓi araha yau don ya tara taurarin yabo a shafinsa, gobe da wannan farashin za a taya ƙanensa.