Ƙara Wa A-kori-kura Faɗin Ƙafa: Amfaninsa Da Aibinsa

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Bakolori a kan Kogin Sakkwato cikin 1978, noman rani ya kafu a ƙasar Talata Mafara da Bakura da Maradun. Shinkafa da tumatir da albasa da dankali duk sai an fid da su daga gona zuwa kasuwa, galibi kuwa motar a-kori-kura ce ke wannan aiki. Ran Talata, in mutum ya tsaya bakin hanya, sai ya ga motocin Morai da na sauran garuruwa sun nufo kasuwar Mafara, kaya har bisa kan direba, suna tangaɗi.

Sabo da tangaɗin nan waɗansu masu mota ke sa wani faifan ƙarfe tsakanin wili da mazauninsa, don ƙafa ta ɗan fito waje. Makanikai na ce masa sifesa. Iri biyu ne. Akwai siriri wanda a ke zurawa kan ƙusoshin wili, sa'an nan a mai da wili a ɗaure. Akwai mai kauri, kamar inci 1 ko 2, wanda a ke ɗaure shi ga mota da noti, shi kuma yana da nasa ƙusoshin da wili zai hau.

Amfaninsa biyu ne. Na farko, in an sayi taya mai faɗi domin laka da rairayi, wani lokaci takan goga sifirin ko jikin mota in an karya sitiyari. Faifan nan shi ke ba ta fili. Na biyu, mota mai faɗin ƙafa ta fi wuyar kifewa, kamar yadda mai ɗauke da buhu ke ware ƙafafunsa don kada ya faɗi.

To, amma sai a yi lissafi. Tsakanin ƙafar dama da ta hagun a motar Hilux kimanin inci 60 ne. In an ƙara inci 1 kowane gefe, an ƙara inci 2 ke nan, watau kashi ɗaya cikin 30. Mai mota da ya sauke jeri ɗaya na buhuna daga can sama ya fi samun zaman lafiya a kwana, bai kuwa kashe ko kwabo ba.

Aibinsa na farko yana ga boris, watau 'yan ƙwallayen ƙarfe da ƙafa ke juyawa a kansu. Masu ƙera mota sun auna nauyi ya sauka daidai kansu. In an tura taya waje, nauyin ya koma gefe yana banƙarar su. Kowa ya san bokitin ruwa a riƙe kusa da jiki ba ya gajiyar da mutum kamar in an miƙe hannu da shi. Haka boris ke gajiya, ya fara kuka, ya ci. Sitiyari kuma yakan ƙara nauyi, yana fizgar hannun direba duk sa'ad da taya ta faɗa rami.

Na biyu, sha'anin noti. Faifai siriri yana cinye tsawon ƙusa, noti ya rasa wurin kamawa sosai. Ka'idar makanikai ita ce noti ya shiga aƙalla gwargwadon kaurin ƙusar, a Hilux milimita 12 ke nan. In bai kai haka ba, ƙafa na iya fita mota tana gudu a kan hanyar Gusau, da kaya da mutane a baya. Na uku, taya da ta leƙo waje tana watsa laka da tsakuwa, ga shi kuma a siririyar hanya ta bakin magudanar ruwa kowane inci yana da daraja.

Waɗansu na cewa ai tarakta ma a kan buɗa ƙafafunta. Gaskiya ne. Ferguson da aka fara ƙerawa a Ingila cikin 1946 ana iya buɗa ƙafafunta na baya daga inci 48 har 76 don su bi tsakanin kunya. Amma ita don haka aka yi ta, kuma tafiyarta a hankali ce.

Wanda tilas ya sa faifan nan, sai ya nemi wanda aka yi wa irin motarsa, mai zama daram kan mazaunin wili ba girgiɗi. Kada ya yarda da wanda aka yanko daga tsohon ƙarfe a bakin kasuwa, araha ba ta ado. Ya sa kauri ɗaya dama da hagun, ya kankare tsatsa kafin ɗaurawa, ya sake ɗaure noti bayan tafiyar mil 50, ya riƙa dubawa kowace ranar kasuwa.

Babban abin tunawa shi ne faifan nan ba ya ƙara wa mota ƙarfin ɗaukar kaya. A-kori-kura mai ɗaukar tan 1, buhu 10 ne masu kilo 100, da faifai ko ba faifai. Sawu biyu da kaya daidai ya fi sawu ɗaya da tumatir a zube cikin kwari.