GIDAN KASON JAMI'AR STANFORD: Labarin da jaridu suka riga masana yankewa hukunci

A cikin watan Agusta na shekarar 1971, wani shehun malamin ilimin halayyar ɗan Adam mai suna Philip Zimbardo ya mayar da ɗakunan ƙarƙashin ƙasa na sashensa, a jami'ar Stanford ta Amurka, gidan kaso na gwaji. Ya zaɓi samari ɗalibai 24, aka yi musu ƙuri'a: waɗansu suka zama masu tsaro, waɗansu ƴan kaso, ana biyan kowa dalar Amurka 15 a yini. An shirya gwajin zai kai sati biyu, amma a kwana na 6 aka tsayar da shi, saboda wulaƙancin da waɗansu masu tsaron ke gwada wa ƴan uwansu ɗalibai.

Darasin da malamin ya fitar shi ne, kowane mutumin kirki, in aka ba shi kaki da kulki da iko, zai zama azzalumi ba da umurnin kowa ba. Magana ce mai daɗin faɗi, ta kuma zo a kan gaɓa. Kwana guda bayan rufe gwajin aka kashe George Jackson a gidan kason San Quentin, a watan Satumba kuma tarzomar gidan kason Attica ta ci rayuka 43. Jaridu da talabijin suna neman mai bayani, sai ga shi sun samu. Kafin shekara ta ƙare har ƴan majalisar dokokin Amurka sun saurari Zimbardo, alhali sai a 1973 rahoton binciken ya fito a mujallun masana. Ke nan jama'a ta karɓi sakamako tun masu sani ba su auna shi ba.

Daga nan labarin ya shiga littattafan makaranta, aka yi sinima a kansa. A 2004, lokacin da hotunan azabtarwa na gidan kason Abu Guraib na Iraƙi suka bayyana, shi aka sake kira ya yi bayani, har ya ba da shaida a shari'ar ɗaya daga cikin sojojin.

To, amma a ilimin kimiyya, ba a amincewa da sakamako sai wani ya maimaita gwajin ya samu irinsa. Masana biyu, Alex Haslam da Stephen Reicher, sun shirya wani gidan kaso na gwaji tare da BBC, aka nuna shi a 2002. Masu tsaron can kasa haɗa kai suka yi, har ƴan kaso suka rinjaye su.

A 2018 wani Bafaranshe mai bincike, Thibault Le Texier, ya buga littafi bayan ya tona takardu da kaset-kaset ɗin da ke ajiye a Stanford. Ya nuna cewa an yi wa masu tsaron jawabi tun kafin a fara, aka gaya musu irin tsoro da ƙuncin da ake son su sa wa ƴan kaso. A wata kaset ana jin mataimakin malamin yana matsa wa wani mai tsaro mai sauƙin hali da ya ƙara tsanani. Ɗan kason da kururuwarsa ta fi ta da hankalin duniya kuwa, daga baya ya ce da gangan ya yi don a sallame shi. Zimbardo ya mayar da martani, ya tsaya a kan bakansa, kuma ya rasu a 2024.

Matsalar ba ta Stanford ba ce kaɗai. A 2015 mujallar Science ta buga aikin masana da suka maimaita bincike 100 na wannan fanni: a karon farko 97 sun ba da sakamako mai ƙarfi, a maimaici kuwa kashi 36 cikin ɗari kawai. Wannan ba ya rage darajar kimiyya, domin masana ne da kansu suka bankaɗo kurakuran. Sai dai labarin farko yakan samu shafin gaba, gyara kuwa yakan zo bayan shekaru, a wurin da mutane kaɗan ke dubawa.

Saboda haka, ya kamata mai karatu, in ya ji an ce "masana sun gano", ya yi tambaya uku: mutum nawa aka gwada, wa ya duba aikin, wa kuma ya maimaita shi? Nauyin ya fi yawa a kan ɗan jarida, domin abin da ya rubuta yau shi malamin makaranta zai karantar gobe, wani lokaci ma alƙali ya saurare shi a kotu.